Sharar da Na Ciro Daga Famfon Kawu

Ko me zan manta a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da satin babbar sallar da na kwance famfon injin wankin motar Kawu Sale ba. Har gobe in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, ko da kuwa ni kaɗai ne a ɗaki.

A lokacin ban fi wata huɗu da gama jami'a ba, ina zaune gidan Kawu a Samaru ina jiran kiran bautar ƙasa. Fannin injuna na karanta. (Ba na son cika baki, amma sakamakona bai yi muni ba. Bai dai kai yadda Kawu yake faɗa wa mutane ba.) Kawu Sale ƙanen mahaifiyata ne, sana'arsa kuma wankin mota: rumfa ce a bakin titi, da tankin ruwa, da inji ɗaya tak. Tun ranar da na rubuta jarrabawar ƙarshe ya ajiye sunana na yanka. Ko ruwan alwala zan miƙo masa, sai ya ɗaga murya yadda masu jiran mota za su ji: "Injiniya, miƙo butar nan!"

Ga wanda bai san irin injin ba, gida biyu ne. Akwai injin fetur da ake tayarwa da igiya, akwai kuma famfo a manne da shi, mai kan tagulla. Famfon ne ke jan ruwa daga tanki, ya matse shi, ya tura shi cikin tiyo, ya fito ta bakin bindiga da ƙarfin da zai ɓamɓare taɓon da ya kwana uku a ƙarƙashin mota. In famfo ya mutu, abin da ya rage maka hayaniya ce da hayaƙi.

Ranar Litinin ya fara tari. Ruwan ya fito da ƙarfi, ya ja baya, ya sake fitowa, tiyo na ta karkarwa a ƙasa kamar an taka wutsiyar maciji. Sallah kuwa Asabar ce, jajibiri Juma'a, kuma duk shekara babu ranar da ta kai jajibiri a wurin mai wankin mota. Kowa na so ya je idi da mota tana ƙyalli, ga dardumomi da kafet da ake jibgewa tun da safe. A kan titinmu akwai wasu wuraren wankin guda biyu.

"Wanda ya zo ranar jajibiri ya tarar da kai da bokiti da soso, gaba zai yi," in ji Kawu, "kuma bayan sallah ma ba zai dawo ba." Sai ya juyo ya dube ni, fuskarsa ta washe. "To amma me zai dame ni? Ga Injiniya a gida."

Na so in ce masa ban taɓa buɗe irin wannan famfo ba. Na so in ce a makaranta mun fi zana famfo a takarda da lissafa shi fiye da taɓa shi. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Zan duba, Kawu. Ba na dai yin alkawari." Shi kuwa alkawari ya ji.

A nan dole in yi wa kaina adalci: ban yi gaggawa ba. Ni mutum ne da ke komawa sau biyu ya taɓa kwaɗon ƙofa bayan ya kulle. Na sauko da littafin famfon a waya na karanta shi kaf. Na kalli bidiyo ya fi goma. Na shimfiɗa sabon buhu a inuwar dalbejiya, na aro kiret ɗin ƙwai wurin mai shayi don jera ƙananan kaya, na sayo ledojin ƙulla sukari da takardar manne. Duk abin da na kwance sai na ɗauke shi hoto, na sa a leda, na rubuta sunansa da inda ya fito. Notin kan tagullar guda takwas, kowanne da ɗakinsa a kiret.

Da kan tagullar ya fita sai na ga fistin guda uku, wato 'yan sandunan da ke tura ruwan, farare tas kamar tangaran, suna jere. A cikin kan kuma ramuka uku ne da fistin ɗin ke shiga, kowane rami da sil ɗinsa, wato zoben robar da ke hana ruwa tsiyaya. Sai bawul shida, 'yan ƙofofin da ke buɗe wa ruwa hanya su rufe, kowanne da ɗan sifirin. A bawul na huɗu na tarar sifirin ya karye biyu. Na yi hamdala a zuciyata, don littafin ya ce wannan na kawo tari. Da na tsaya nan, da yau ba ni da labarin ba ku.

Amma na ce tunda an buɗe, a yi aiki cikakke. Na sa tsinke na zaƙulo sil na ramin farko. Sai wani abu ya biyo shi, ya faɗo kan buhu, ƙil. Ɗan zobe ne na falle, siriri, an yanke shi da hannu. Na juya shi, sai ga rabin fuskar saniya. Gwangwanin madara! Na zaƙulo na biyu, shi kuma ja ne, har da ɗan ganyen tumatir a jiki, ya fara tsatsa. Na uku fari ne mai laushi, na gwangwanin lemo. Na koma littafi na duba zanen shafi-shafi. Babu saniya, babu tumatir.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Wani irin daɗi ne mai haɗe da ɓacin rai, irin na wanda ya kama ɓarawo a gidan wani. Na sa kowanne a ledarsa (ban iya zubar da abu ba, ko rasit ɗin shekaranjiya yana aljihuna), na rubuta da manyan baƙaƙe: SHARA, ramin hagu. SHARA, ramin tsakiya. SHARA, ramin dama. Na kai wa Kawu.

"Kawu, ba na so in ɗaga maka hankali, amma ina jin an daɗe ana cutar ka. Dubi abin da aka cusa maka a inji."

Ya karɓa ya jujjuya. "Ikon Allah," ya ce. Ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai ni kuma na shiga yi masa bayanin tsatsa da yadda ƙarfe biyu mabambanta ke cin juna a cikin ruwa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To. Kai ka sani, Injiniya."

Talata na shiga Sabon Gari na sayo sababbin sil da bawul, na gwada lambarsu da ta littafi sau uku kafin in bar shagon. Laraba da safe na haɗa. Komai sabo, komai a inda zane ya ce. Har na goge kan tagullar da toka da lemon tsami yana ɗaukar ido. Kawu ya kira masu shagunan kusa su zo su gani. Aka ja igiya, inji ya tashi, na ɗaga bindiga na matsa.

Ruwan ya fito kamar daga bakin buta. Ya yi ɗan baka, ya sauka a kan takalmina. A ƙarƙashin famfo kuwa ruwa ne ke zuba shaa ta wuri uku.

"Wataƙila iska ce a ciki," na ce. "Ko kuma dai sil ɗin ba su zauna ba tukuna. Yana iya yiwuwa."

Sau uku na kwance na haɗa a ranar. Na juya sil, na mayar da su. Na ƙara matse noti har sifana ta zame ta ɓare mini fatar yatsa. Ina aiki ina jin motoci na rage gudu a gaban rumfa, su hango Kawu da bokiti, su ƙara mai su wuce. Kawu ko tsawa bai yi mini ba, kuma wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Da la'asar ya zo ya tsuguna kusa da ni.

"Gobe da safe mu kai wa Baba Ishaya."

"Wane ne shi?"

"Wani dattijo ne a Sabon Gari. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Duk Zariya in famfo ya gagara, wurinsa ake kaiwa."

(Na san wasunku sun riga sun gano inda labarin ya dosa. Ni ban gano ba. A kaina, dattijon da duk Zariya ke girmamawa daban, mai cusa gwangwani a inji daban. Ban tambaya ba, Kawu kuma yana jin nauyin kunyata ɗan yayarsa.)

Alhamis da hantsi muka ɗora famfon a keke napep, ni rungume da kiret da ledojina. Tun daga Samaru har muka gangara Sabon Gari ina tsara bayanin da zan yi, don ina so dattijon ya san ba da ka na yi aikin ba.

Rumfar Baba Ishaya na bayan kasuwa, kusa da layin dogo. Injinan ban ruwa ne jere a ƙasa, da na feshi, wasu a buɗe. A kan wata waya an rataye gwangwanaye da aka wanke aka baje su kamar kilishi. Na gan su da idona, na ce a raina tsohon na haɗawa da sayar da gwangwan. Shi kansa gajere ne, siriri, da furfura da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. A jikin rumfar wata mata ce ke sayar da shinkafa da miya, Maman Talatu, ga wasu manoma biyu a benci suna jiran injinsu.

"Baba, barka da hantsi. Ina gajiya?" in ji Kawu, ya rusuna.

"A'a, Sale! Kana duniya? Mun gode Allah. Shekara nawa rabona da kai?"

"Hidima ce, Baba. Ga ɗana, ɗan yayata. Injiniya ne, bana ya gama."

"Madalla, madalla. Sannu Injiniya. To me ya samu abin naku?"

Na gyara murya. Na fara da tarin, na nuna sifirin da ya karye, ya gyaɗa kai. Na nuna hotuna a waya, ya gyaɗa kai. Gyaɗa kan nan shi ya kai ni ya baro. Na ciro ledoji ukun na jera a kan teburinsa.

"Sai dai, Baba, a ganina, ban ce lallai ba, asalin matsalar ta girmi wannan. Ba wai ina zagin kowa ba ne. Amma wanda ya taɓa buɗe famfon nan a baya, Allah dai ya sani, ina jin bai san aikin ba."

Kawu ya yi tari.

"Ku duba fa. Gwangwanin madara. Na tumatir. Na lemo. A cikin inji! Wannan ai, ku gafarce ni, ba gyara ba ne, cuta ce. Mai yiwuwa su ne suka cinye ramukan har sabon sil ya ƙi zama."

Kawu ya sake tari, ya taka mini ƙafa. Na janye ƙafar na ce masa sannu, na ci gaba.

"Irin waɗannan ne ke ɓata wa masu sana'a irinku suna. Ni da za a bi shawarata, ko da yake ba a tambaye ni ba, da an hana jahilai irin wannan taɓa injin mutane."

Sai na waiga. Maman Talatu ta tsaya da ludayi a sama, miya na ɗiga. Manoman nan biyu sun sunkuyar da kai suna kallon ƙasa, kafaɗar ɗaya na rawa.

Baba Ishaya ya ɗauki leda ɗaya, ya nesanta ta da idonsa, ya karanta a hankali. "Sha-ra. Ramin hagu." Ya kwance ta, ya zazzage zoben madarar a tafin hannunsa, ya murza shi da babban yatsa.

"Wannan ba na hagu ba ne, Injiniya. Na dama ne. Ka kifa kan a lokacin da kake rubutu, hagu ta koma dama. Na lemon ne na hagu. Na tumatir dai ka yi daidai, tsakiya ba ta sauyawa."

Nan ya kamata in gane. Amma bakina bai gama da ni ba. "Baba, ya aka yi kuka sani?"

Kafin ya amsa Maman Talatu ta ajiye ludayi. "Ya aka yi ya sani? Yaro, ni na yi miya da tumatirin nan! Shekara uku ke nan. Madarar kuma shi ya sha a shayi, ga shi zaune!"

Manoman suka fashe. Ɗaya har da sauka daga benci yana riƙe ciki. Kawu ya cire hula ya rufe fuska da ita. Ni kuwa ina tsaye rungume da kiret ɗin ƙwai, na kalli wayar da aka shanya gwangwanaye, na kalli tsohon, na sake kallon wayar. In da layin dogon nan zai tsage, da na shige na ce a mayar a rufe.

"A hana jahilai!" in ji Maman Talatu, tana tafa hannu. "Baba, ka ji an kusa rufe maka shago. Sai ka dawo ka taya ni wanke kwanuka."

"Ke Maman Talatu, bar shi," in ji Baba, ko murmushi bai yi ba. "Injiniya, ajiye kwandon ƙwan nan. Kawo sifana mai lamba goma sha uku, tana bayanka."

Daga nan abin da na gani ya sa na manta da kunyata na ɗan lokaci, kuma shi ne ainihin dalilin da ya sa nake ba da labarin. Baba ya kwance kan famfon cikin abin da bai fi minti biyu ba. Ya fitar da sababbin sil ɗina, ya tura ɗan yatsansa cikin ramin farko, ya rufe ido. Ya zagaya da shi a hankali kamar mai lalubar ƙaya a bakin yaro. Ya koma na biyu, ya daɗe. Ya koma na uku.

"Miƙo hannunka." Ya kama yatsana ya tura a ramin tsakiya. "Me ka ji?"

"Santsi, Baba. Ina jin... santsi dai."

"Koma baya kaɗan. Ta ƙasa. Kar ka danna, bari shi ya taɓa ka."

Sai na ji shi. Wani ɗan kwari ne, bai kai kaurin gashi biyu ba, ido ba ya ganinsa. Ni da na goge kan nan da toka na kwana biyu ina juya shi, ban san yana nan ba.

"Ruwan burtsatsenku na Samaru yana da yashi mai laushi," ya ce. "Shekara da shekaru yana lasar tagullar nan. Sabon sil ɗinka ba shi da laifi, amma don sabon rami aka yi shi. Naka ramin ya tsufa, ya buɗe. Sabon kai kuma babu shi a garin nan, sai an aika, kuma sallah jibi. To sai ka sa wa sil ɗin abin da zai tokare shi ta baya. In ka ɗaure noti, ya matsu, ya baje, ya cike inda yashi ya ci. Ramukan kuma ba ci ɗaya suka yi ba. Shi ya sa gwangwanin ma ba ɗaya ba."

Wannan abin yana da suna a littafinmu. Mun yi shi a aji uku, mun lissafa shi a jarrabawa, har na ci. Da ya zo mini da hoton tumatir a jiki, ban gane shi ba.

"Amma Baba," na ce a hankali, don ban iya barin tambaya a ciki ba, "ba zai yi tsatsa ba?"

"Zai yi mana. Nan ka yi gaskiya. Shi ya sa na ce wa wani mutum ya riƙa kawo shi duk bayan damina in sauya." Ya leƙo Kawu ta saman tabarau. Kawu ya shiga gyaran hula.

Ya ɗaga tsofaffin zobban ɗaya bayan ɗaya yana duba inda suka lotse. Ya ce na hagu yanzu madara yake so, na dama tumatir, na tsakiya kuwa ya wuce tumatir, sai gwangwanin kifi. Ya duba wayar da ya shanya gwangwanaye, babu na kifi. "Maman Talatu, akwai?"

"Akwai wanda na buɗe ɗazu. Injiniya, zo ka karɓa." Ta miƙo mini shi da mansa da ƙarninsa, ta haɗa mini da soso. "A wanke shara da kyau, ka ji? Baba ba ya son shara mai maiƙo."

Na tsuguna a bakin kwata na wanke, manoman na ba ni shawarar inda ban cuɗa ba.

Baba ya baje gwangwanin da 'yar guduma a kan guntun ƙarfen dogo. Ya ɗora tsohon sil a kai, ya zagaye shi da ƙusa, ciki da waje. Ya ɗauki almakashin yankan kwano. Hannun nan da na ga yana ɗan rawa lokacin da yake riƙe leda, yana kama almakashi ya tsaya cak. Bai bi layin da almakashi ba, fallen yake juyawa, almakashin na wuri ɗaya, har zobe ya faɗo. Ya bi bakinsa da magagari, ya goga a dutse da ɗigon mai, sannan ya kai shi leɓensa na ƙasa ya zagaya da shi.

"Leɓe ya fi yatsa jin kaifi," ya ce. "In ya karce ni, zai karce roba."

Ina da ɗan ma'aunin kauri a aljihu, wanda na saya tun muna aji biyu nake lallaɓa shi a cikin kwalinsa. Da ya juya baya na saci awon zobban uku, na auna zurfin ramukan, na yi ɗan lissafi a bayan hannuna. Ba zan ce lissafina ba ya kuskure ba, kun dai ga tarihina. Amma abin da ya ba ni shi ne abin da tsohon ya riga ya yanka da ƙusa da leɓe.

Ya duba bawul ɗin da na sa, shida cif, ya hura kowanne da baki. "Waɗannan ka sa su daidai. Tarin da ya fara yi, ka riga ka warkar da shi tun Laraba." Ban san ko yabo ne ko ƙarin duka ba, amma na karɓa hannu biyu. Ya leƙa man famfon, ya ga ya yi fari kamar kunu saboda ruwan da na sa ya shiga, ya zubar ya zuba sabo. Sannan ya mayar da kai, ya shiga ɗaure noti: wannan kaɗan, ya tsallaka na kishiyarsa kaɗan, ya dawo, zagaye uku. Babu ma'aunin ɗauri a hannunsa. Yatsa biyu kawai ya ɗora a ƙarshen sifana, in ta kai inda yake so sai ya ce "Haka," ya wuce.

Ya ɗora famfon a kan wani injin gwaji da ke gefe, ya haɗa tiyo daga durom. Bai ja igiya ba sai da ya bar ruwa ya bi ta ciki ya kori iska, ya fito sumul. Sannan ya miƙo mini bindiga. "Riƙe da hannu biyu."

Na riƙe da hannu ɗaya da rabi, don na saba da butata ta jiya. Inji ya tashi, na matsa. Bindigar ta harbo ni baya sai da na taka kiret ɗin ƙwai. Ruwan ya fita a miƙe, fari fat, da wani irin tsaki mai tsawo, ya daki katangar da ke gabanmu ya zana layi a cikin gansakukar da ta shekara a wurin. Na leƙa ƙarƙashin famfo. Ko ɗigo.

"Zo ka ji," in ji Baba. Ya kafa bakin sukundireba a kan tagullar, ya manna mini ƙotar a bayan kunne. Da farko hayaniya kawai na ji. Can sai ta rabu, na ji bugu uku suna bin juna, ɗaya, biyu, uku, ɗaya, biyu, uku, babu mai rige wani, babu mai jan ƙafa. Madara, kifi, tumatir. Shekara biyar ina zana wannan abin a takarda, ban taɓa sanin ana jin sa ba. Ban san tsawon lokacin da na yi a sunkuye ba, sai da Kawu ya taɓa ni ya ce ana zubar wa Baba ruwa.

Da aka kashe inji na durƙusa a gabansa, a cikin taɓon da na haɗa da kaina. "Baba, don Allah ku yafe mini. Ban san ku ba ne. Ko da ma ba ku ba ne, bai kamata ba. Wato ina nufin..."

"Tashi, ka ɓata wando. Me ka yi? Abin da ka gani ka faɗa. Sai dai ba ka gama gani ba ka fara faɗa." Ya goge hannu da tsumma. "Kuma da ka zubar da su, da na sha wuya kafin in gane yadda ramukan suka ƙara ci. Ka iya ajiya. Wannan ma rabin aiki ne."

"Ɗaya rabin kuma rufe baki," in ji Maman Talatu daga bayan tukunya.

Ranar jajibiri tun da sassafe motoci suka yi layi har gaban mai shayi. Injin bai yi tari ko sau ɗaya ba, har aka wanke kafet na ƙarshe. Ni aikina ranar jan tiyo da cika tanki, kuma ban yi wa kowa bayanin komai ba. Wajen azahar wani malami da ya ga butata ta ranar Laraba ya sauke gilashin motarsa ya ce, "Malam Sale, inji ya dawo kamar sabo! Injiniya ne ya gyara?"

Kawu mutum ne da ba ya ƙarya, ba ya kuma tozarta nasa a gaban mutane. Ya matse soso, ya ce, "Shi ya kwance."

"Ma sha Allah," in ji malamin. "Karatu ya yi rana."

Yanzu ina aiki a wata masana'anta, kuma ba a wata guda ban buɗe inji na tarar da abin da babu shi a zane ba: guntun waya, yankin roba, wani ƙarfe da aka lanƙwasa. Ba zan ce kullum hikima ce ba, wani lokacin shirme ne na gaske. Amma kafin in yanke hukunci sai na tambaya me ya sa aka sa shi. Kafin wannan ma, da murya ƙasa-ƙasa, sai na fara tambaya wa ya sa, ko yana kusa, kuma ko shi ne wanda nake yi wa bayani.